Zaɓen Baƙin Mai Domin Lokacin Zafi

Ya 'yan'uwa manoman auduga, darasinmu na yau a kan baƙin mai ne, watau man da a ke zuba wa inji. Yanzu da wuya ka shiga ƙauye a ƙasar Garwa ko Marwa ba ka tarad da babur ba, ko keke mai ƙafa uku mai inji, wanda a ke ɗaukar auduga da taki da shi. Waɗansu ƙungiyoyin manoma har tarakta ko mota gare su. Da yawa cikin waɗannan injuna da kuɗin auduga aka saye su. Jigilar auduga kuwa ta kan kai har cikin bazara, watan Maris da Afrilu, sa'ad da zafin Garwa ya kan wuce digiri 40. In inji ya buga a wannan lokaci, ribar shekara guda ce za ta tafi wurin makaniki.

Cikin inji ƙarfe ne ke gudu a kan ƙarfe, sau dubbai cikin minti ɗaya. Mai shi ne ke shiga tsakaninsu, ya hana su cin juna. Yana kuma kwashe zafi, yana wanke dauɗa. Amma ba zai yi wannan aiki ba sai kaurinsa ya zo daidai.

Kowa ya san man kaɗanya. Da asubar hunturu ya kan daskare, sai an sa hannu an gutsura. A ajiye shi a rana, kafin azahar ya zama ruwa. Baƙin mai ma haka ya ke, sai dai shi ba ya daskarewa a ƙasarmu. In ya yi sanyi ya kan yi kauri, in ya yi zafi ya tsinke. In ya tsinke da yawa, sai ya zurare daga tsakanin ƙarafa, su goga juna. In kuwa ya cika kauri, sai ya yi nawar zagayawa, waɗansu wurare su jima ba su sami mai ba.

Ma'anar lambobin da ke jikin galan

Duba jikin galan, za ka ga an rubuta SAE, sa'an nan lamba, kamar 15W-40 ko 20W-50. SAE sunan ƙungiyar injiniyoyin motoci ne ta Amurka, ita ta tsara wannan ma'auni, duniya duk ta bi. Lambobin biyu ne, kowace da abin da ta ke faɗi.

Ta farko, mai harafin W, tana nuna yadda man zai gudana in an tayar da inji cikin tsananin sanyi. W ɗin nan harafin farko ne na sunan lokacin sanyi da Turanci. Mai 15W a kan gwada shi a sanyin digiri 20 ƙasa da sifiri, sanyin da ba mu taɓa gani ba a nan. Saboda haka wannan lamba ba ita ce babbar damuwarmu ba.

Ta biyu ita ce tamu. Tana nuna kaurin man sa'ad da zafinsa ya kai digiri 100, watau zafin tafasar ruwa, kusa da zafin da mai ke kaiwa in inji yana aiki. Mai lamba 30 ya fi mai 40 tsinkewa, mai 50 ya fi su duka kauri. Wanda ya iya karanta wannan lamba ya san rabin darasin nan.

Akwai kuma mai lamba ɗaya tak, kamar SAE 40. Irin na dā ke nan, har yanzu ana sayar da shi. In inji ya yi zafi, kaurinsa da na 15W-40 aji ɗaya ne. Bambancinsu da safe ne: SAE 40 ya kan yi nauyi ƙwarai, ya jima bai hau saman inji ba. Shi mai lamba biyu an haɗa shi da wani magani wanda ke rage masa tsinkewa in ya yi zafi, don haka yana gudana da sauƙi da safe, yana kuma riƙe kaurinsa da rana.

Wane za ka saya?

Fara da littafin da ya zo da inji. Waɗanda suka ƙera shi su suka san faɗin ƙofofin da mai zai bi. A cikin littattafai da yawa akwai zane mai nuna man da ya dace da kowane zafin gari. Ka duba wajen digiri 40 zuwa sama. In littafin ya ɓata, duba murfin wurin zuba mai, wani lokaci an rubuta a kai, ko ka tambayi inda a ke sayar da irin injin.

Tarakta da babbar mota masu shan gas, yawancinsu 15W-40 su ke so, rani da damina. Babur da keke mai ƙafa uku waɗanda ba su da lagireto, iska ce kaɗai ke sanyaya su. In an labta musu auduga, suna tafiya a hankali cikin rairayi da tsakar rana, man cikinsu ya kan yi zafi ainun. Irin waɗannan 20W-50 ya kan dace da su, in littafinsu ya yarda. Haka kuma tsohuwar mota wadda ƙarafanta suka sassauta, har ta fara shan mai.

To, a nan ne mutane ke kuskure. Su kan ce, tun da gari ya yi zafi, mai mafi kauri shi ne mafi kyau. Ba haka ba ne. Mota mai lagireto, in lafiyarta lau, ruwa ne ke riƙe zafin injinta wajen digiri 90, ko cikin hunturu ko cikin bazara. Ƙananan motoci na zamani kuma an ƙera su da ƙofofin mai matsattsu, da yawa 5W-30 a ke rubuta musu, waɗansu ma 0W-20. In ka zuba wa irinsu 20W-50, man zai yi wuyar ratsawa, inji ya yi nauyi, ya ƙara shan fetur, ya riƙa cin kansa kowace safiya. In motarka tana yawan zafi, duba ruwa da lagireto da fanka. Mai kauri ba zai warkar da wannan ba.

Na taɓa ganin wani manomi, mutumin kirki, ya zuba wa kekensa mai ƙafa uku man giya, wai don ya ga an rubuta 90, a ganinsa ya fi 50 ƙarfi. Lambar man giya ma'auninta daban ne, haɗinsa kuma daban. Na ce masa, "Baba, a juye shi yanzu, kada a tayar." Ya yi ta ƙorafin asarar lita ɗaya, amma ya juye.

Ban da kauri, akwai waɗansu haruffa da ya kamata ka duba. In ka ga API, sa'an nan haruffa masu farawa da S, kamar SL ko SN, na injin fetur ne. Masu farawa da C, kamar CH-4 ko CI-4, na injin gas ne. Wani galan yana ɗauke da duka biyu. Mai babur ya nemi wanda aka rubuta 4T da JASO MA, domin kulocin yawancin babura cikin mai ya ke kwance, wani man mota kuwa ya kan sa shi sulɓi. Wanda aka rubuta 2T na injin da a ke gauraya wa mai da fetur ne, kada a zuba shi cikin babur mai 4T.

Man kwalba

A bakin hanya a kan sayar da mai cikin kwalabe, babu lamba, babu suna. Mai saye ya kan ɗiga shi a yatsa ya murza, ya ce, "Wannan da kauri." Yatsa ba ya auna mai. Kaurin da ka ji a inuwa ba shi ne kaurinsa a digiri 100 ba. Tsohon mai da aka juye daga wata mota ma ya kan yi kauri saboda dauɗa, a tace shi a sāke sayarwa. Ni dai shawarata, ku sayi galan rufaffe wanda ba a fasa hatiminsa ba. In galan ya yi wa mutum ɗaya tsada, mutum uku ko huɗu na ƙungiya ɗaya su haɗa kuɗi su raba, muddin injunansu iri ɗaya ne.

Ko mai ya dace, ƙura tana ɓata shi. Ƙurar hunturu da ta hanyoyin kasuwar auduga ta kan bi iska ta shiga inji, ta gauraya da mai, ta riƙa goge ƙarfe kamar yashi. Saboda haka a riƙa share matatar iska, a kuma yi juye kafin lokacin da littafi ya faɗa ya cika. Na tarakta da awoyin aiki a ke ƙidaya shi, da yawa awa 250. Na mota da babur da kilomita. Rubuta ranar juye da lambar man a littafin ƙungiya, ko a bangon ɗaki. In za a yi juye, a bari inji ya ɗan yi ɗumi tukuna, domin dauɗa ta biyo mai, a sāke matatar mai kuma in injin yana da ita.

Kowace safiya kafin ka tayar, tsai da abin hawa a wuri mai daidai, zaro sandar awo, goge ta, mayar, sāke zarowa. Mai ya tsaya tsakanin alamu biyu. In ya ragu, ƙara irin wanda ke ciki, kada ya wuce alamar sama. In jar fitilar mai ta kama kana tafe, tsaya nan take ka kashe inji, ko da saura kaɗan ka isa kasuwa.

Tsohon man da aka juye kuwa, kada a zubar da shi a gona ko kusa da rijiya, gama yana lalata ƙasa da ruwa. Kada kuma a shafa shi a gyambon shanun noma, kamar yadda waɗansu ke yi. A tara shi cikin galan mai murfi, nesa da yara da wuta, a kai wa makaniki.