Wuta da gobara

Ɗan'uwa, wuta daban, gobara daban. Wutar murhu ta dafa tuwo ce. In ta ƙwace ta ci rumbu, ta haye dangar maƙwabci, sai mu ce gobara. Masu Ingilishi suna kiran babbar gobara mai cinye unguwa conflagration. Ni ma sai da harshena ya sarƙe. Faɗe ta gaɓa-gaɓa: kon-fla-gre-shan.

Ka tuna 8 ga Nuwamba 2021, nan Maraɗi kusa da mu. Azuzuwan zana suka kama wuta, yara fiye da 20 suka rasu. Allah ya jiƙan su.

Yanzu rubuta "gobara" a allonka. In ka koma gida, ƙirga mini: taku nawa ne daga murhu zuwa rumbunka?