Wace lasifika ce za ta fito da sautin fiyano?

Tambaya daga Zuru: Ina kaɗa kibod a coci, kuma ina son jin fiyano a ɗakina kamar a gabana ake bugawa. Wace lasifika zan saya?

Amsa: Ɗan'uwa, ka manta da manyan akwatunan gidan biki da na taron Uhola na Zuru. An yi su ne don ƙara da dukan ƙirji, fiyano kuwa tsabtar sauti yake so. Maɓallansa 88 ne, daga 27.5 Hz zuwa kusan 4,186 Hz, kuma yawancin waƙa a tsakiya take zaune. Bas ɗin da aka cika wa gishiri shi ke haɗiye ta.

Nemi ƙananan lasifika biyu irin na situdiyo, kamar Yamaha HS5. A Sabon Garin Kano za ka fi samun zaɓi, amma ka kula da jabu. Tafi da waƙar fiyano zalla a wayarka, ka sa a kunna a hankali (mai shago zai so ya ƙure ƙara, kada ka yarda). Saurari bugu ɗaya har ya mutu: in ya yi zizza ko ƙarar kwano, bar lasifikar.

A gida, ɗaga su daidai kunnenka, ka janye su daga bango da taki ɗaya. Shimfiɗa darduma a kan siminti, ka haɗa su da sitabilaiza.