Darasi na 14: Kek Mai Siffar Tirela

Kowa ya san Potiskum da abu biyu: kasuwar shanu ta ranar Laraba da kuma tireloli. Yaron garin nan tun yana goye yake jin ƙugin manyan motoci masu kai shanu da hatsi Kudu. Ki ba shi kara ko tsohon gwangwani, nan da nan zai ƙera mota. Ranar da ya cika shekara, kek mai siffar tirela zai faranta masa rai ƙwarai, balle a ce uwarsa ce ta yi da hannunta. Gidan da ba a bikin ranar haihuwa, kek ɗin ya dace da walimar sauka ko ranar Sallah.

Ba sai kina da wutar lantarki ba. Babbar tukunya, yashi da gawayi sun wadatar.

Kayan haɗi

Da gwangwanin madara za ki yi awo.

Fulawa, gwangwani 3
Sukari, gwangwani 2, kada su cika
Bota, giram 250
Ƙwai 5
Hodar tashin kek, ƙaramin cokali 2
Gwangwanin gasa burodi 2

Kwaɓi

Ki zuba bota da sukari a roba. Ki yi ta bugawa da muciya har su yi fari, su yi laushi. A nan aikin yake, domin bugun ne ke shigar da iska, iskar kuma ita ce ke sa kek ya tashi. Ki riƙa fasa ƙwai ɗaya bayan ɗaya a wani kofi dabam kafin ki zuba, kada baragurbi ya ɓata miki kwaɓi. Ki tankaɗe fulawa tare da hoda, ki zuba kaɗan-kaɗan, kina juyawa a hankali. Idan kika matsa wa fulawa da juyi, kek zai yi tauri.

Gashi

Ki zuba yashi mai tsabta a tukunya, kaurinsa kamar yatsu biyu. Ki rufe, ki ɗora a wuta minti 15. Ki shafa bota a gwangwanayen, ki barbaɗa fulawa, ki zuba kwaɓi ya ɗan wuce rabi. Ki ajiye ƙananan duwatsu a kan yashin, ki ɗora gwangwanayen a kansu, ki rufe. Ki rage wuta, ki sa garwashi kaɗan a kan murfi don sama ya gasu. Kada ki buɗe kafin minti 30, in ba haka ba tsakiyar za ta lotsa. Wajen minti 45 ki soka tsinke mai tsabta. Idan ya fito a bushe, kek ya gasu.

Ki bar shi ya huce sarai. Mai haƙuri shi ke dafa dutse: kek mai ɗumi narkar da ado yake yi.

Ƙera mota

Ki kwantar da kek ɗaya a faranti, shi ne bodin tirela. Ki raba ɗayan gida uku, ki tsayar da kashi ɗaya a gaba, shi ne kan mota. Ragowar ki yanka ƙanana, su ne buhunan hatsi da za ki lafta a baya.

Abin shafawa kuwa, ki buga bota kashi ɗaya da garin sukarin ado kashi biyu har ya yi sumul. Ki raba shi gida uku. Garin koko yana ba da ruwan ƙasa, ɗigon zoɓo mai kauri yana ba da ja-ja, ɗan kurkum yana ba da ruwan ɗorawa. In za ki sayi kala, ki tabbatar ta abinci ce. Ki shafe motar da bayan cokali. Zagayayyen biskit shi ne taya, alewa biyu su ne fitilu. Kada ki sa gyaɗa ko alewa mai tauri a rabon ƙananan yara, tana iya shaƙe su.

Potiskum akwai zafi, musamman a watan Afrilu, bota kuma ba ta jure rana. Ki yi gashi da dare, ki yi ado da sassafe, ki ajiye a ɗaki mai sanyi, a rufe saboda ƙuda.

Rubutu

Kusan kowace tirela da rubutu a jikinta, taki ma haka. Ki zuba ragowar abin shafawa a farar leda, ki ƙulle, ki yanke bakin kusurwa kaɗan. Ki fara gwadawa a faranti, sannan ki rubuta sunan yaron da shekarunsa da manyan baƙaƙe, misali: MUSA 5.

Tambayoyi

1. Me ya sa ake buga bota da sukari sosai?
2. Minti nawa za ki jira kafin ki buɗe tukunya?
3. Idan za ki ninka kwaɓin nan, ƙwai nawa za ki saya?

Aikin gida

Ki rubuta sunan ɗanki sau goma a littafinki. Ranar bikin kada ki miƙa wa kowa ledar, ki rubuta sunan da kanki.