Kaza mai lafiya da ƙwayar cuta a cikinta

A ƙasar Tasawa da Mayahi da wuya ka shiga gida ba ka ga kaji ko zabbi ba. Mata da yara ne suke kiwonsu. Ana cin namansu da ƙwansu, ana kuma kai su kasuwa don a sayi hatsi ko sabulu.

Mai saye yakan ɗaga kaza ya duba idonta da gashinta. In ta yi kyau, sai ya biya. To, amma akwai abin da ido ba ya gani. Cikin hanjin kaza ana samun wasu ƙananan halittu da ake kira bakteriya. Ɗaya daga cikinsu sunanta Salmonela. An gano ta a Amurka a shekarar 1885, aka sa mata sunan wani likitan dabbobi, Daniel Salmon. Sau da yawa kazar da ke ɗauke da ita tana kiwonta lafiya lau.

In an zo fiɗa, hanji ya fashe, sai ƙwayar ta taɓa nama da wuƙa da hannu. Wanda ya haɗiye ta yakan kamu da zawo da ciwon ciki da zazzaɓi, tsakanin awa 6 da kwana 3. Ta fi wahalar da jarirai da tsofaffi.

Yaya masana suke gane ta?

Tsohuwar hanya ita ce a ɗebi ɗan kashin kaza ko nama, a ba ƙwayar abinci cikin faranti, a jira ta yaɗu. Wannan yakan ci kwana 4 ko 5. Kafin nan an riga an cinye naman.

Sabuwar hanya ta fi sauri. Kowace halitta tana da wani siririn zare cikin jikinta, mai suna ADN. A jikinsa aka rubuta gadonta. Salmonela tana da wani guntun zare nata na kanta, kamar yadda makiyayi yake gane saniyarsa da shaidar da ke jikinta. Sai dai guntun ya yi ƙanƙanta ƙwarai.

A shekarar 1983 wani Ba'amurke, Kary Mullis, ya samo dabarar ninka shi. Ana kiran dabarar PCR. Ana zuba samfurin cikin ɗan bututu, a sa a na'ura. Na'urar ta zafafa shi har wajen digiri 95, ta rage zafi, ta sake zafafawa. Kowane zagaye guntun yana ninkuwa: 1 ya zama 2, 2 ya zama 4, 4 ya zama 8. Bayan zagaye 30 an wuce miliyan dubu, sai na'ura ta gan shi. Ninkin yana ƙarewa cikin ƴan awowi. In babu Salmonela, babu abin da zai ninku.

Da irin wannan dabara ake gane murar tsuntsaye, wadda ta ɓulla a Magarya a shekarar 2006. A Yamai akwai babban ɗakin binciken lafiyar dabbobi mai suna LABOCEL.

Mu fa, me za mu yi?

Ba za a kai kowace kaza Yamai ba. Aikin gida namu ne:
1. Mu wanke hannu da sabulu bayan fiɗa da sharar akurki.
2. Kada wuƙar ɗanyen nama ta yanka tumatir ko albasa sai an wanke ta.
3. A dafa nama har ja ya ɓace kusa da ƙashi. Wuta tana kashe ƙwayar.
4. Kada a sha ɗanyen ƙwai, kada a ci mushe.
5. Yaro mai zawo a ba shi ruwan gishiri da sukari, a kai shi gidan likita.

Tambayoyi
1. A ina Salmonela take ɓoyewa?
2. Don me duban ido bai isa ba?
3. Guntu nawa za a samu bayan zagaye 10? Ku lissafa a allo.