Gashin tunkiya shi ke faɗin abin da ta ci

A ƙasar Tasawa da Mayahi, idan bazara ta kama, haki ya ƙare a daji. Sai karan hatsi da busasshiyar ciyawa. A lokacin nan ake ganin tunkiya ta rame, gashinta ya yi kaushi, yana tsaitsaye, yana zuba in an shafa. Wasu su ce ciwo ne. Sau da yawa yunwa ce.

Tumakin wannan yanki, Balami da Uda, gajeren gashi gare su. Masu ulu su ne tumakin Kundum na bakin kogin Kwara, wajen Tilaberi. Amma gashi da ulu abu guda ke gina su, wato abinci mai gina jiki, wanda likitoci ke ce wa furotin. Kara ba shi da furotin sosai. In tunkiya mai ulu ta sha yunwa wata guda, silin da ya tsiro a watan nan siriri ne, nan yake tsinkewa a hannun mai kaɗi.

Ɓarnar ba ta tsaya ga gashi ba. Cikin jinin dabba akwai wasu sinadarai da ake kira ormon. Kamar ƴan aike suke: su ke gaya wa jikin tunkiya lokacin neman rago, su riƙe ciki, su kawo nono. Idan abinci ya gaza, jiki sai ya rage wannan aike don ya tsira da rai. Tunkiya ta daina neman rago. In ta ɗauki ciki tana iya ɓari, ko ta haifi ɗan da ba shi da ƙarfin tashi. Rago ma barbararsa raguwa take.

Maganin yana gona. Harawar wake da ta gujiya, a ɗebe su da sauran kore, a aza bisa rumfa, kada rana ta cinye su. Ƴaƴan gao suna zuba da rani, daidai lokacin da ake bukata, kuma suna da furotin. Manomin da ya bar gao ya girma a gonarsa ya huta da sayen abinci mai yawa. A ƙara dussa, da tunkuza ko gurya in da hali, da gishirin lasa, da ruwa kullum.

In abincin bai isa kowa ba, a zaɓa. Tunkiya na ɗaukar ciki wata 5. A ƙara mata dussa sati 3 kafin barbara, sannan sati 6 na ƙarshen ciki, da farkon shayarwa. Ragon layya ba shi kaɗai ya cancanci dussa ba, ko da yake shi aka fi tattali a gidaje.

Idan an gyara abinci wata guda gashi bai kwanta ba, a kai ta wurin ma'aikacin kiwo. Tsutsar ciki da ƙazuwa su ma suna ɓata gashi.