Ɗana, Inji Ba Ya Ƙin Aiki Haka Kawai

Jiya na hango ka kana danna katako da ƙarfin tsiya, inji yana nishi, hayaƙi yana tashi daga wurin yankan. Ban yi magana a gaban mai aiki ba, don ba na son in kunyata ka. Yanzu da muka rage mu biyu, zauna mu yi ta.

Kafin hannunka ya kusanci faifan zarto, zare filogi daga bango. Kashe makunni bai isa ba, balle ka dogara da cewa an ɗauke wuta. Wutar da aka ɗauke ba ta sallama in za ta dawo. Faifai mai inci 10 yana juyi 3,000 zuwa 4,000 a minti ɗaya, haƙoransa kuwa suna gudun kusan kilomita 150 a awa. Ba ya bambanta madaci da yatsa.

To, wancan hayaƙin. Yawancin yara da sun ga katako yana ƙonewa sai su ce mota ta gaji, a kira mai riwayin. Ba daga nan ake farawa ba. Dubi haƙoran tukuna. Sau da yawa ba dakushewa suka yi ba, ƙaron itace ne ya daskare a jikinsu, kuma ɗan kalanzir da tsohon buroshi sun ishe shi. Sannan ka ƙirga su. Faifai mai haƙora 24 shi ne na tsaga katako a tsawonsa. Mai 60 ko 80 na yankan gicciye ne da falanki mai laushi. Ka sa mai 80 ya tsaga loko mai kauri, garin katako ya rasa hanyar fita, ai dole ya ƙone. In za ka kwance notin faifai, ka juya shi ta inda faifan yake juyawa. Na ga wanda ya lalata zare yana ta ɗaurewa alhali yana zaton kwancewa yake yi.

In haƙora lafiya lau ne, koma kan jagora, ƙarfen nan da katako yake jingina da shi. A nan nake son ka buɗe kunne. Zaɓi haƙori ɗaya, ka yi masa alama da alli, ka auna tsakaninsa da jagora ta gaba. Juya faifan da hannu har haƙorin ya koma baya, ka sake aunawa. Awon biyu su zo ɗaya. In bayan ya fi matsewa, ko da kaurin farce ne, katako zai maƙale, kuma haƙoran baya sama suke tasowa. Sai su ɗaga shi su jefo maka a ciki. Saboda wannan ne aka sa ɗan ƙarfen nan a bayan faifai, don ya hana tsagar rufewa. Na san kuna cire shi wai yana rage muku sauri. Mayar da shi. Kuma kada ka tsaya daidai saitin faifai, ɗan karkata gefe, ƙarshen katako kuwa ka tura shi da sanda, ba da tafin hannu ba.

In ka kunna ka ji mota tana gurnani ba ta tashi ba, kashe nan take, don kwayil ne yake dahuwa. Ko dai wuta ta yi ƙasa, ko kafasita ta mutu, ko garin katako ya toshe ɗan makunnin da ke cikin motar. Kafasita ba ta da tsada, amma tana riƙe wuta ko bayan an zare filogi, saboda haka ka bar wa mai gyaran lantarki. Abin da na hana ka har abada shi ne juya faifai da hannu ko da sanda don a taimaka masa ya tashi.

Girgiza kuma, yawanci bel ne ya tsufa ko fuli ya saki. Cire bel ɗin, ka juya sandar faifai a hankali. In ka ji kamar yashi a ciki, boris ya tafi.

Wata rana za ka sayi naka, wataƙila na hannu. Karanta farantin da ke jikin motar. Na Amurka galibi na wuta 120 ne, tamu kuwa 230 ce, ga shi bugun wutarsu 60 ne a daƙiƙa, tamu 50. Ko ka sa taransifoma, mai bel ɗin da aka rubuta masa juyi 3,450 ba zai kai 2,900 ba a nan, kuma zai fi saurin zafi. A can ɗin ne wani mai suna Steve Gass ya ƙirƙiro SawStop a 1999, injin da yake jin taɓawar fata ya tsayar da faifai kafin ƙiftawar ido. Madalla da shi, amma namu ba shi da wannan tausayin.

Gobe in Allah ya kai mu, kafin kowa ya zo, ka share garin katakon da ke ƙarƙashin teburi, ka ɗauko alli da tef. Kai za ka yi awon, ni ina kallo.