Hayaƙi ne ko tsuntsaye?

Idan ka bi kogin Shari daga Njamena ka yi arewa, za ka isa tafkin Cadi. Da yamma a bakin tafkin, kana iya hango wani abu baƙi a sama kamar hayaƙi. Yana miƙewa, yana lanƙwasa, sai ya sauka kan ciyayi. Ba hayaƙi ba ne, garken jan-baki ne.

Jan-baki ƙaramin tsuntsu ne, tsawonsa kamar santimita 12. Bakinsa ja ne, gajere, mai kauri. Da faransanci ana ce masa mange-mil, wato mai cin gero. Abincinsa ƙwayar ciyawa. Idan ta yi ƙaranci, sai ya faɗa wa gero da dawa da shinkafa. Babban garke yana iya cinye gona cikin ƴan kwanaki.

Kada ka haɗa shi da tsattsewa, wato hirondelle. Ita tsattsewa fikafikanta dogaye ne. A warwatse take tashi, tana cafke ƙwari a iska, ba ta taɓa hatsi. Jan-baki kuwa a cunkushe suke tashi, kuma su juya gaba ɗaya.

In ka ga irin wannan garke kusa da gona, ka sanar da manya da wuri. Sai a fito da majajjawa da gwangwani a kore su.

Tambayoyi
1. Yaya bakin jan-baki yake?
2. Me tsattsewa take ci?
3. Me za ka yi in ka ga jan-baki kusa da gona?